Ƙiba: Gado Ce Ko Yawan Ci?



Kusan kowane aji akwai wanda muke tsokana saboda jikinsa, mu ce masa acici. Alhali mun san gidajen da ake cin tuwo a kwano ɗaya, wani ya yi ƙiba, wani kuma yana nan kamar sillen kara. To, daga ina bambancin yake?

Masana sun daɗe suna binciken wannan a cikin ƙwayoyin gado, wato abin da muke ɗaukowa daga uwa da uba. A 1994 wani malami mai suna Jeffrey Friedman na jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano wani sinadari a jikin ɓeraye, aka sa masa suna leftin. Kitsen jiki ne ke fitar da shi, shi kuma ya bi jini ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, a rage ci. Ɓeran da ƙwayar gadonsa ta lalace ba ya yin wannan sinadari, sai ya yi ta ci ba ƙoshi.

A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila suka samu yara biyu 'yan dangi ɗaya masu irin wannan larura. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurar leftin, yunwar ta lafa, ƙibar ta ragu. Ashe ba kwaɗayi ba ne, ciwo ne. Sai dai masu wannan larura ƙalilan ne ƙwarai a duniya.

Ga yawancin mutane, ƙwayoyin gado masu yawa ne ke taruwa, kowace ta ƙara ɗan kaɗan. Alal misali, a 2007 an gano wata mai suna FTO: wanda ya gaji wani nau'inta daga uwa da uba duka yakan ɗara saura nauyi da kamar kilo 3.

Amma fa gado ba shi kaɗai ke aiki ba. Mutanen Pima asalinsu ɗaya, wasu a Arizona ta Amurka, wasu a duwatsun Meksiko. Na Meksiko suna noma da aikin ƙarfi, ciwon sukari bai yi musu yawa ba. Na Arizona da abincinsu ya canza, motsi ya ragu, ciwon ya yi musu katutu.

Don haka abu biyu ya rage mana. Na farko, mu daina yi wa mai ƙiba gori, ba mu san abin da ya gada ba. Na biyu, in akwai mai ciwon sukari ko hawan jini a gidanmu, mu san cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mu rage sukarin shayi da lemun kwalba, mu riƙa takawa da ƙafa, mu kuma roƙi Baba da Inna, cikin ladabi, su je asibiti a auna musu jini tun ciwo bai yi nisa ba.