Awon Maniyyi da Matsalar Rashin Haihuwa a Birnin Zariya

Gabatarwa

A birnin Zariya, kamar sauran ƙasar Hausa, idan aure ya shekara biyu ko uku ba a sami rabo ba, matar ake fara zuba wa ido. A karɓo mata rubutu wurin malam, a jiƙa mata saiwoyi, in abin ya faskara a kira ta juya, a ba mijin shawarar ya ƙaro aure. Shi kuwa maigida, muddin yana iya saduwa da iyalinsa, ba mai tuhumarsa. Manufar wannan muƙala ita ce ta nuna cewa ƙarfin namiji daban, haihuwa daban, kuma awon maniyyi ne yake rarrabe su.

Abin da Ido Ba Ya Gani

Bahaushe yakan auna maniyyi da kauri ko tsinkewa, ya ɗora laifin tsinkewar a kan sanyi. Amma ruwan da ido yake gani abin hawa ne kawai. Masu aikin su ne waɗansu ƙwayoyi masu kai da wutsiya, waɗanda Antonie van Leeuwenhoek, mutumin ƙasar Holan, ya bayyana a shekarar 1677 bayan ya gan su ta madubin ƙara girman abu. Mutum yana iya zubar da ruwa mai kauri, alhali babu ƙwaya ko ɗaya a ciki.

Yadda Ake Awon

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora kan wannan awo tun 1980, bugu na shida kuwa ya fito a 2021. Ana buƙatar mutum ya ƙaurace wa iyalinsa kwana 2 zuwa 7, sa'an nan ya ba da maniyyin cikin kwalba mai tsabta, a duba shi kafin awa guda ta wuce. Ma'aunin 2021 ya nuna mafi ƙarancin abin da ake sa rai: ruwa mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, da kashi 4 cikin ɗari masu cikakkiyar sura.

Motsi kuwa shi ne ƙashin bayan awon, domin ƙwayar sai ta yi iyo ta ratsa mahaifa kafin ta riski ƙwan mace. An kasa ƙwayoyin gida uku: masu tafiya gaba, da masu motsi a wuri guda, da waɗanda ba sa motsi sam. Ana so aƙalla kashi 42 cikin ɗari su kasance masu motsi, kashi 30 kuma masu tafiya gaba sosai. Yawa ba tare da motsi ba, taron tsintsiya ne babu shara.

Dalilan Rauni

Daga cikin abubuwan da suke raunana ƙwayoyin akwai ciwon sanyi da ba a yi wa magani ba, da hangum idan ya kama balagagge ya sauka maraina, da kumburin jijiyoyin maraina, da shan taba, da yawan zafi. Ƙwaya takan ɗauki kusan kwana 74 kafin ta ƙosa, saboda haka zazzaɓi mai tsanani yana iya ɓata sakamako har wata biyu ko uku. Shi ya sa likita ba ya yanke hukunci da awo ɗaya, sai an maimaita.

Kammalawa

Masana sun nuna cewa a kusan rabin ma'auratan da suka rasa haihuwa, namiji yana da hannu a matsalar. Bazazzagi kuma ba shi da uzurin nisa, tun da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika. Haihuwa ta Allah ce, amma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Kafin a kira mace juya, ko a yi mata kishiya saboda zato, adalci shi ne miji da mata su je awo tare.