Kafin ka biya kuɗin mota, zagaya ta

An gama girbi, wake ya shiga buhu. Yanzu ne manoma ke kama hanyar manyan kasuwanni. Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne, daga Damagaram kuwa kusan 900. Tafiya ce ta yini guda ko fiye, bisa babbar hanyar gudron da ta bi ta Madawa, Galmi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Mai irin wannan tafiya sai ya zaɓi mota kamar yadda yake zaɓen irin shuka.

A tasha, yawancinmu kuɗin mota kaɗai muke tambaya. In aka ce wanda ya hau bisa buhuna za a rage masa jika guda, sai mu haye. To, araha ba ta ado. In lodi ya yi tsawo, nauyin mota komawa sama yake. Da direba ya kauce wa rami ko jaki da sauri, sai ta kife. Na bisa su ke fara faɗuwa, buhuna su biyo su.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka biya, zagaya motar sau ɗaya. Dubi tayoyi. Taya da ta suɗe, ko mai kumburi a gefe, zafin gudron da nauyi na iya fasa ta ana cikin gudu. Dubi fitilun gaba da na baya. Dubi bayan motar: in ya zauna ƙasa, kaya sun yi yawa, birki ba zai tsayar da ita da wuri ba. Sannan dubi direba. In ya kwana tuƙi, ko yana haɗiyar ƙwaya don korar barci, jira wata motar.

Ga ɗan lissafi. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda. Direba ya yi gyangyaɗin daƙiƙa 4, motar ta yi mita 100 ba mai tuƙi. Wannan shi ne tsawon gefe ɗaya na gona mai hekta guda.

Tafiyar dare ta fi haɗari. Shanu na ƙetare hanya, amalanke ba ta da fitila, motar da ta lalace kuma ganye kawai ake jera mata. Mu ma masu amalanke mu koma gida tun da sauran haske.

In ka tarar da tankar mai ta faɗi, yi nesa da ita. A watan Mayu na 2019, kusa da filin jirgin saman Yamai, wata ta kama wuta mutane suna kwasar mai, fiye da 50 suka rasu.

Shawara ga ƙungiyoyin manoma: ku haɗa buhunanku mota guda, mutum ɗaya ko biyu su zauna gaba su raka kaya. Sauran su shiga motar fasinja mai kujeru. In direba ya cika gudu, ku yi masa magana gaba ɗaya, cikin ladabi. Ba rashin kunya ba ne, ranku ne a hannunsa.

Tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.