Ingilishi: San Asalin Kalma, Ka Huta Da Hadda

A watan Yuni na 2022 ƙasarmu Togo ta shiga Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila, ko da yake Faransanci ne harshen hukuma. Tun kafin nan ma, ɗan kasuwar Dapaong da ke bi ta Sinkase zuwa Bawku a Gana ya san amfanin Ingilishi, haka nan ɗalibin kwaleji a Sokode mai shirin jarrabawar BEPC. Abin damuwa shi ne yawancin yaranmu hadda suke yi: su jera kalmomi a littafi, su haddace, da an gama jarrabawa sai su bi ruwa. Alhali kuwa ɗan zango yana riƙe da mabuɗai uku, wato Hausa, Faransanci da Larabcin makarantar allo.

Mu fara da Hausa. Mota, tebur, bokiti, direba, tela da kafinta duk aro ne daga Ingilishi. Kwabo daga “copper” ya fito, wato jan ƙarfe, sule kuma daga “shilling”. Yaron da aka nuna wa haka, rabin aiki ya ƙare, saura rubutu da lafazi.

Faransanci kuwa ya fi yawan ganima. A shekarar 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu shekaru aru-aru, dubban kalmominsa suka shige Ingilishi. Ga wata dabara: inda ka ga ’yar hular nan a kan wasalin Faransanci, sau da yawa harafin “s” ne ya faɗi, Ingilishi kuma ya riƙe shi. “Forêt” ita ce “forest”, “fête” ita ce “feast”, “hôpital” kuma “hospital”, wadda muka mayar asibiti. Tushenta kalmar Latin ce mai nufin baƙo, kuma daga nan “hotel” ta fito. Ashe asibiti da otal ’yan gida ɗaya ne, duka masaukin baƙi.

Almajiri ma ba a bar shi a baya ba. “Sugar” da sukari daga “sukkar” na Larabci suke, “coffee” da gahawa daga “ƙahwa”, “zero” da sifiri daga “sifr”. “Magazine”, wato mujalla irin wadda ke hannunka, asalinta “makhazin”, ɗakunan ajiya. Ita ce “magasin” ta Faransanci.

Amma fa a yi hattara, kama da wane ba ta wane. “Library” ɗakin karatu ne, “librairie” kuwa kantin sayar da littattafai. An daɗe ana cewa boko daga “book” ya samo asali, sai a 2013 masanin Hausa Farfesa Paul Newman ya nuna cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus ko yaudara. Saboda haka kada a yanke hukunci da kunne, a duba ƙamus mai bayyana asalin kalma.

Shawararmu ga iyaye da malamai ita ce, duk sabuwar kalmar da yaro ya kawo gida a tambaye shi danginta a harsunan da ya riga ya sani. Kalma biyar da aka san tushensu sun fi hamsin da aka haddace. Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, amin.