Kundin ɗalibi: daga kabad zuwa taskar intanet

A manyan makarantun Amurka akwai wata al'ada mai daɗewa. Ɗalibin da ya nuna ƙwazo, idan ya kai shekararsa ta huɗu, yakan zaɓi batu guda ya yi bincike a kansa ƙarƙashin jagorancin wani malami, ya rubuta kundi, sannan ya kare shi gaban alƙalai kafin a ba shi digirinsa na farko. Mu a nan Nijar abin da ya fi kama da shi shi ne memwar. To, bayan an yi tafi an watse, ina kundin yake zuwa? Shekaru da yawa amsar ba ta wuce kabad ba: kofi ɗaya ko biyu, ƙura ta rufe, sai wanda ya tako da ƙafarsa ya gani.

Alhali kuwa tarihi ya nuna aikin ɗalibi ba abin renawa ba ne. A 1940 John Kennedy, yana ɗalibi a Harvard, ya rubuta kundinsa kan yadda Ingila ta yi sakaci wajen shirin yaƙi da Jamus. A shekarar aka buga shi ya zama littafi, shekara 20 kafin a zaɓe shi shugaban ƙasa. A 1989 wata ɗaliba a Princeton, Wendy Kopp, ta kawo shawara cikin kundinta cewa a riƙa tura sabbin masu digiri su koyar shekara 2 a makarantun talakawa. A 1990 shawarar ta zama ƙungiyar Teach For America, wadda ta soma da ɗaruruwan malamai.

Yadda taskar take aiki

Canji ya zo ne tare da kwamfuta. A 2002 jami'ar MIT da kamfanin Hewlett-Packard suka fito da DSpace, wata manhaja ta kyauta da kowace makaranta za ta iya ɗauka ta kafa taskarta. Ɗalibi yakan miƙa kundinsa a sigar PDF, ya sa hannu kan takardar izini, amma haƙƙin mallakar rubutun galibi yana nan hannunsa. Daga nan ma'aikacin ɗakin karatu ya shigar da suna, da shekara, da sashen karatu, da sunan malamin da ya jagoranci aikin, da taƙaitaccen bayani, da kalmomin da za a nemo shi da su. Wannan shi ne ginshiƙin aikin, domin kundin da ba a yi masa rijista mai kyau ba tamkar hajar da aka jefa sito ce ba lamba: tana nan, amma ba mai gano ta. A ƙarshe a ba kundin adireshi na dindindin, a kuma ajiye kofinsa a wurare dabam-dabam saboda gobara ko lalacewar na'ura.

Ribar a fili take. Ɗalibin bana zai ga inda na bara ya tsaya ya ɗora daga nan, maimakon a yi ta maimaita abu guda. Mai neman aiki zai nuna wa mai ɗauka abin da hannunsa ya rubuta. Masu tsoron satar rubutu kuma su sani cewa kundin da ke buɗe ya fi sauƙin tona asirin ɓarawo, tunda manhajojin bincike suna iya gwama sabon rubutu da tsohon.

Wa zai gani, wa za a hana?

A nan ne gardamar take. Hillary Rodham ta rubuta kundinta a kwalejin Wellesley a 1969 kan Saul Alinsky, wani mai haɗa kan talakawan birnin Chicago. Da mijinta Bill Clinton ya hau mulki a 1993, fadar shugaban ƙasa ta nemi a rufe shi, kuma ba a sake buɗewa ba sai 2001. Rufewar ba ta haifar da komai ba sai zargi da jita-jita. Haka a 2008 aka taƙaita ganin kundin da Michelle Obama ta rubuta a Princeton a 1985 kan baƙar fatar da suka yi karatu a jami'ar, har dai ofishin yaƙin neman zaɓen mijinta ya fitar da shi da kansa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Sai dai kuma magana zarar bunu ce. Abin da matashi ɗan shekara 22 ya rubuta, in ya shiga intanet zai bi shi har tsufa. Wani kundin kuma yana ɗauke da hirar mutanen da suka yi magana bisa amana. Don haka makarantu da yawa suka bi tsaka-tsaki: ɗalibi na iya neman a jinkirta buɗe kundinsa na ƴan shekaru, ko a bar shi ga ƴan makarantar kaɗai, amma sunan kundin da bayaninsa su kasance a fili, kuma ƙa'idar ta hau kan kowa, da ɗan sarki da ɗan talaka.

Wannan magana ta shafe mu. Hukumar CAMES, wadda aka yanke shawarar kafa ta a Yamai a 1968, tana da irin wannan taska mai suna DICAMES domin jami'o'in ƙasashen da ke cikinta. Kowace shekara ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni da na Maraɗi, Damagaram da Tawa suna shiga kasuwanni da ƙauyuka suna rubuta memwar kan albasa, kiwo, haraji da fataucin kan iyaka. Ɗan kasuwar da ya ba su lokacinsa, da ma'aikacin da ya buɗe musu takardun ofis, da uban da ya sayar da bisashensa don karatun ɗansa, duk suna da haƙƙin ganin abin da aka samo. Gara da damina ba sa jiran kowa. A ajiye, a kuma buɗe.