Gudun famfalaki: Rawar da tsoka da jijiyoyi ke takawa

Tun da aka fara gasar gudun famfalaki ta birnin Legas a shekarar 2016, 'yan Kenya da Habasha ne suka fi lashe ta. A Najeriya kuwa, akasarin waɗanda suka yi fice a dogon gudu daga jihar Filato suke fitowa, musamman yankin Pankshin.

Wannan ya sa ake ganin sai wanda ya tashi a kan tsauni ne zai iya, ke nan matashin Yauri ko Ngaski ko Shanga, da ke zaune a kwari a bakin Kogin Kwara, ba shi da rabo.

Gaskiya ne zama a wuri mai tudu, kamar garin Iten na Kenya mai tsayin kimanin mita 2,400, yana ƙara wa jini ƙarfin ɗaukar iskar oksijin. Sai dai masana sun ce akwai wani abu da ba ya buƙatar tsauni: yadda jiki ke tattalin iskar da ya samu.

Tattalin ƙarfi

Mutum biyu kan yi gudu kafaɗa da kafaɗa, amma ɗaya ya fi ɗaya cin iska, tamkar babura biyu da ke tafiya ɗaya alhali ɗaya ya fi shan mai.

Farfesa Andrew Jones ya shafe shekaru yana gwada 'yar tseren Birtaniya Paula Radcliffe. Ya gano cewa daga 1992 zuwa 2003 iyakar iskar da jikinta ke iya sarrafawa kusan ba ta sauya ba, amma wadda take ƙonawa a gudu iri ɗaya ta ragu da kimanin kashi 15 cikin ɗari. A 2003 ɗin ne ta kammala tseren Landan mai kilomita 42 cikin sa'o'i 2 da minti 15 da daƙiƙa 25.

Daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa

Tsoka ba ta motsi sai saƙo ya zo mata daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, sannan jijiyoyi su isar da shi. Kowace jijiya tana da rukunin zaren tsoka da take bai wa umarni.

Zaren tsoka iri biyu ne a dunƙule. Akwai mai jinkiri da juriya, akwai kuma mai sauri da ƙarfi amma mai saurin gajiya. Jiki kan fara da mai juriya, ba ya kiran ɗayan sai aiki ya yi nauyi.

A jikin sabon ɗan tsere, tsokokin da ya kamata su saki sukan ɗaure a lokacin da kishiyoyinsu ke ja, sai ƙarfi ya tafi a banza. Yawan atisaye ne ke koya wa jijiyoyi aika saƙo a kan lokaci.

Duk wanda ya kalli tseren kwale-kwale a bikin Rigata na Yauri ya ga misalin haka: jirgin da matuƙansa ke tsoma filafili a tare yakan wuce na ƙarfafan da kowa ke tuƙin gabansa.

Agara da tafin ƙafa

Agara, wato igiyar da ta haɗa sha-raɓa da diddige, tana aiki kamar roba. Idan ƙafa ta taka ƙasa sai ta miƙe ta adana ƙarfi, ta mayar da shi yayin ɗagawa. Wani bincike da aka wallafa a 1987 ya ƙiyasta cewa agara na adana kusan kashi 35 cikin ɗari na ƙarfin kowane taku, lanƙwasar tafin ƙafa kuma kashi 17.

To amma hakan ba ya samuwa sai jijiyoyi sun ɗaure sha-raɓa tun kafin ƙafa ta sauka.

Gajiya da zafi

Bayan kimanin kilomita 30, sukarin da ke ajiye a tsoka kan yi ƙasa. Taku ya gajarta, ƙafa ta riƙa daɗewa a ƙasa, cin iska ya ƙaru.

Zafi na ƙara dagula lamarin, domin idan jiki ya ɗumama ƙwaƙwalwa kan rage saƙon da take aikawa. A gaɓar tafkin Kainji, inda zafin watannin Maris da Afrilu ke da tsanani, gudu da rana tsaka na iya kai mutum ga suma, har ma da rasa rai.

Shi ya sa masu horarwa ke ba da shawarar fita da asuba, da shan ruwa, da ƙara nisa sannu a hankali. Suna kuma haɗawa da tsalle-tsalle, da hawan gangare, da ɗaga nauyi sau biyu a mako, domin bincike ya nuna suna rage cin iska cikin 'yan watanni.

Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar tsauni ko kayan aiki masu tsada.