Yadda kalaman yau da kullum ke sauya kallon da ake yi wa juna a Dutsin-Ma da Kurfi

A ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi na Jihar Katsina, inda Hausawa manoma da Fulani makiyaya suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya, sunan da mutum ya kira maƙwabcinsa da shi kan yi tasiri a kan irin kallon da yake yi masa.

Tun kafin yaro ya shiga makaranta yake koyon matsayin mutane daga bakin manya. Zai ji mahaifiyarsa tana sakaya sunan ɗanta na fari, tana kuma kiran mijinta Malam ko Maigida. Ta haka yake gane ma'anar kunya ba tare da an zaunar da shi an karantar da shi ba.

Masanin nan ɗan Birtaniya, Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa kunya da ladabi da mutunci cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su. Akasari a gaisuwa da zance ake fara ganin waɗannan halaye.

Haka kuma wasan barkwanci, irin na Katsinawa da Nufawa ko Fulani da Barebari, kan ba mutane damar faɗa wa juna magana mai ɗaci a yi dariya a wuce. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya irin wannan wasa na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Sai dai kuma harshen da ke haɗa jama'a yana iya raba su.

A watan Afrilun 2020 'yan sanda suka ce an kashe mutane 47 a hare-haren da aka kai ƙauyukan Dutsin-Ma da Ɗanmusa da Safana. A irin wannan yanayi na zaman ɗar-ɗar, wasu kan ce "Fulani" alhali 'yan bindiga suke nufi.

Illar hakan ita ce, makiyayin da shi ma aka kore masa shanu yakan wayi gari abin zargi a kasuwar da ya saba ci, yaron da ke sauraro kuma ya tashi yana ɗaukar sunan ƙabila a matsayin sunan laifi.

Gyara wannan fahimta kuwa yakan faro ne daga inda ta samo asali, wato gida da majalisa da mumbarin Juma'a.