Kifi Ba Ya Karanta Kwali: Gaskiya da Ƙarya a Zancen Sandar Fatsa da Injin Naɗe Zare

Duk wanda ya tashi a bakin gulbi ya san fatsa tun yana yaro: gora ko kara, zare, ƙugiya, 'yar dalma, sai tana da aka haƙo a gindin randa. Da wannan aka kama karfasa da kurungu ba adadi. Yanzu kuma sandunan zamani masu zobba da injin naɗe zare sun shigo kasuwa, matasa suna ganinsu a bidiyon waya, suna ɗauka su nufi dam ɗin Tiga ko na Kainji ranar hutu. Kayan sun zo da nasu surutun. Mai shago yana da nasa, abokin da ya riga ka saye yana da nasa, kwalin ma cike yake da lambobi masu ruɗa mutum. Bari mu baje maganganun a faifai, mu fitar da tsakuwa daga cikin tsaba.

Da farko a san injin da ake magana a kai. Shi ne wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, kwarkwaronsa ba ya juyawa lokacin jifa, zare ne kawai ke warwarewa ta bakinsa. In an murza hannu, wata waya mai siffar baka ta kewaya ta mayar da zaren. A goshin kwarkwaron akwai murfin da ake murɗawa, shi ne birki. Wani mai masaƙa ɗan Ingila, Alfred Illingworth, ya yi wa irin wannan injin rajista a 1905, sai Mitchell 300 da aka fito da shi a Faransa a 1948 ya yaɗa shi a duniya. Farin jininsa kuwa sauƙi ne: ɗan koyo yana iya jifa da shi ran farko zare bai cukurkuɗe masa ba.

"Doguwar sanda ita ce ta babban kifi"

Ƙarya ce, amma an san inda ta samo asali. A fatsar gora, tsawon gora shi ne iyakar inda hannunka zai kai, don haka doguwa ta fi. Da inji ya shigo, lissafi ya canja. Tsawo yana ƙara nisan jifa ne kawai. Wajen kokawa kuwa, doguwar sanda kifi take taimaka wa. Gwada ɗaga bokitin ruwa da bakin taɓarya, sannan ka ɗaga shi da guntun itace, za ka ji bambanci a kafaɗarka. Shi ya sa masu farautar manyan kifayen teku daga cikin jirgi suke riƙe gajerun sanduna masu kauri, yayin da mai tsayuwa a gaɓar teku a Legas yake buƙatar mai mita 3 zuwa 4 don ya tsallake igiyar ruwa. Ga mai kamu a kogi ko dam, mita 1.8 zuwa 2.4 ta wadatar. In wurin duhuwa ce mai rassa, gajera ta fi, don doguwa bishiya za ta riƙa kamawa.

Abin dubawa yana rubuce a jikin sandar, sama kaɗan da mariƙi. Akwai ƙarfin zaren da ta dace da shi, da nauyin abin da za ta iya jefawa. Sau da yawa da ma'aunin Turawa ake rubutawa: fam ɗaya bai kai rabin kilo ba, giram 454 ne, oza ɗaya kuma kimanin giram 28. Wanda ya rataya dalmar giram 80 a sandar da aka rubuta wa giram 20, shi ya karya abinsa, kada ya zargi kamfani.

"Injin da ya fi yawan boris ya fi kyau"

Wannan talla ce ta zama karatu. Za ka ga kwali an rubuta 12+1 ko 14+1 da manyan haruffa, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Boris yana rage gogayya, gaskiya ne, amma wuraren da inji ke matuƙar buƙatarsa ba su da yawa. Inji mai boris 4 ko 5 na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda haƙoran giyarsa suka zauna daidai, ya fi mai 14 na tarkace da za su cije bayan damina ɗaya. Kamfanonin da suka yi suna, irin su Shimano da Daiwa na Japan da Penn na Amurka, suna da injina masu ƙarko da boris ɗinsu bai wuce biyar ko shida ba.

Hannunka ya fi kwali gaskiya. Murza injin a hankali ka saurara ko akwai ƙarar yashi. Girgiza hannun murzawar ka ji ko yana rawa. Juya shi baya ka ga ko yana tsayawa cak. Kama ƙafar injin ka ɗan matsa jikinsa: in yana lanƙwasa a shago, ranar da ramboshi ya ja sai yadda hali ya yi.

"A sa zare mai kauri, a ɗaure birki tamau, kifi ba zai tsere ba"

A nan ake asarar kifi da kaya gaba ɗaya, don haka a tsaya a fahimta. Birki ba don ya hana zare fita aka yi shi ba. An yi shi ne don ya saki zare kafin zaren ya tsinke. Kifi ya fizga, kwarkwaro ya sake masa da ƙyar, ya yi gudu yana jan nauyi har ya gaji, kai kuma ka dawo da abin da ya ɗiba. Da haka zaren da ke tsinkewa a kilo 7 yake fito da kifin kilo 15, domin kifi a cikin ruwa ba ɗaga shi kake yi ba, gajiyar da shi kake yi. In ka ɗaure birki, fizgar farko za ta nemi wuri mafi rauni: ƙulli, ko ƙugiya ta miƙe, ko leɓen kifin ya yage. In kuma zaren ya fi ƙarfin sanda, sandar ce za ta biya.

Ƙa'idar da masana harkar suka daɗe a kanta ita ce a saita birki a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Ba sai da sikeli ba. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. In zarenka na kilo 6 ne, ɗaura shi a wuyan gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, ka miƙe sanda tana kallon gorar, ka ɗaga a hankali. In birki ya fara saki daidai lokacin da gorar ke barin ƙasa, ka samu.

Wani kuskure ɗan'uwan wannan: murza hannu alhali kifi yana jan zare. Zaren ba ya dawowa, murɗewa kawai yake yi, gobe ka wayi gari yana ƙulle kansa a kowace jifa. In birki yana kuka, bar shi ya yi kukansa. Sannan zare mai kauri fiye da kima yana rage nisan jifa, yana cika kwarkwaro da wuri, kuma karfasa mai wayo tana ganinsa a ruwa mai haske.

"Lambar inji tana nuna girmansa"

Rabin gaskiya. Lambobin 1000, 2500, 4000, 6000 suna hawa ne daga ƙarami zuwa babba, amma a cikin gidan kamfani ɗaya. Babu wata hukuma da ta daidaita su, saboda haka 4000 na wannan yana iya zama daidai da 3000 ko 5000 na wancan. Abin dogaro shi ne rubutun jikin kwarkwaro: mita nawa yake ɗauka na zare mai kaurin kaza. Bayan haka ɗaura injin a sandar, ka ɗora ta a kan yatsa ɗaya a gaban mazaunin injin. In kai ya rinjaya ƙasa sosai, injin ya yi mata kaɗan, wuyan hannunka zai gaya maka kafin azahar.

"Giya mai sauri ta fi"

Ya danganta. Rubutun 5.2:1 yana nufin in ka murza hannu sau ɗaya, wayar naɗi ta kewaya sau biyar da ɗan ɗori. Mai 6.2:1 ya fi sauri, ya dace da mai jefa koton ƙarfe yana ja da gudu don tsage ya biyo. Amma duk direban da ya hau tudu da lodi ya san giya ta ɗaya ake sawa. Mai jiran tarwaɗa a ƙasan ruwa ƙarfin ja yake buƙata, ba gudu ba. Kuma faɗin kwarkwaro yana cikin lissafin: babban inji mai 4.9:1 yana iya kwaso zare fiye da ƙarami mai 6.2:1 a murzawa ɗaya.

"Sandar kabon ta fi ta zaren gilashi ƙarko"

An juya zancen. Sandunan zaren gilashi sun bazu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, na kabon kuma kamfanin Fenwick ya fito da su a 1973. Kabon ya fi rashin nauyi, kuma yana isar da motsin kifi zuwa tafin hannu, ko ɗan lasar koto ne za ka ji. Amma ba ya son duka. Ƙwanƙwasa ɗaya a bakin kwalekwale ko ƙofar mota tana barin rauni a ɓoye, sai wata rana ya ɓalle, a ce ai jabu ne. Zaren gilashi ya fi nauyi, ya fi haƙuri. Ga wanda zai ɗaura sanda a bayan babur ya bi hanyar ƙauye, shi ne abokin tafiya, ko kuma gaurayen biyun, irin Ugly Stik da ta fito a 1976. Kowace iri ce, kada a ɗaga ta tsaye ƙiƙam kifi yana ƙarƙashin ƙafa, domin nauyin duka kan siririn bakinta zai koma. Sanduna masu shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo suna da daɗin ɗauka, sai dai kowace gaɓa wurin rauni ce, yashi kuma yana cije su.

"Sandar kabon tana ɗaukar wutar lantarki"

Wannan kam gaskiya ce, ba camfi ba. Kabon yana ɗaukar lantarki, shi ya sa kamfanoni ke manna alamar gargaɗi a jikin sandunan. Wayar babban layi ba sai an taɓa ta ba, wuta tana iya tsallakowa in an matso kusa. Kada a yi jifa a ƙarƙashin wayoyi, kada a yi tafiya da sanda a tsaye a kusa da su. In hadari ya taso aka ji tsawa, a kwantar da sanda a bar bakin ruwa. Ta gilashi ma in ta jiƙe ba abin amincewa ba ce.

"Zaren kitso ba ya tsinkewa"

Hausawa sun ce yawa shi kan sa zare ya ja dutse, kuma haka aka yi wannan zaren: siraran zaruruwa huɗu ko takwas aka kitse. Ya fi na roba siranta nesa ba kusa ba a ƙarfi ɗaya, kusan ba ya miƙewa, rana ba ta saurin cin sa. Amma ja daban, guga daban. In ya gogi dutse mai kaifi yana a miƙe, nan take yake yankewa, inda na roba mai kauri zai jure. Don haka ake ƙulla masa guntun zaren roba mai kauri a gaba. Giwan ruwa yana da marfin kunne mai kaifi kamar aska, shi ma sai da wannan. Tsage kuwa haƙoransa almakashi ne, sai an sa masa 'yar waya kafin ƙugiya. Kuma kada a naɗe zaren kitso a yatsa a ja, yana yanka har ƙashi.

"Sanda ɗaya ta isa komai"

Ba ta isa ba, amma mai farawa ba ya buƙatar biyar. Kifin da ka nufa da ruwan da za ka shiga su ne masu zaɓe. Karfasa da kawara suna son sanda mai laushi, inji 1000 zuwa 2500, zaren kilo 2 zuwa 4, ƙaramar ƙugiya. Tarwaɗa da ragon ruwa, masu shigewa cikin saiwoyi da ciyawa, sai sanda mai ƙashin baya, inji 4000 zuwa 5000, zaren kilo 7 zuwa 12. Giwan ruwa kuwa sunansa ya isa gargaɗi: a Tafkin Nasir na Masar an kama mai kilo 104 da sanda a shekarar 2000. Mai nemansa ya tanadi inji 6000 ko sama, da zare mai yawa, domin gudun farko ba na wasa ba ne. Wanda kuɗinsa na kaya ɗaya ne, ya ɗauki matsakaiciyar sanda mai kamar mita 2.1 da inji 3000 ko 4000. Za ta yi masa yawancin aikin kogi da dam.

In an dawo gida a goge yashi, a sassauta birki, a ajiye zare a inuwa. Wanda ya je ruwan gishiri ya ɗauraye komai da ruwan daɗi tun ranar.

Saura magana ɗaya da ba a rubuta ta a kwali, amma masu saye suna ɗauke da ita a zuci: wai tsadar kaya ita ce yawan kamu. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, da homa da gora ake fito da giwan ruwan da sai mutane sun taru kafin a ɗaga shi. Abin da masuntan nan suke da shi sanin ruwa ne: inda kifi ke kwana, lokacin da yake kiwo, abin da yake ci a wannan watan. Kafin ka ƙara kuɗi a kan inji, je bakin ruwan da asuba, ka gaida dattijon da ka tarar yana gyaran mamari, ka tambaye shi me ake kamawa kwanan nan, kuma a ina. Amsarsa ita za ta gaya maka sandar da za ka saya.